Madarar da Baba bai sha ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Yohanna. Mura ce ta kashe shi. Idan na faɗi haka sai mutane su jira in ƙarasa, amma iyakar maganar ke nan. Ya kwanta ranar Talata da zazzaɓi, kafin wata Talatar ta zagayo mun binne shi.

Baba ya kusa shekara ashirin yana ɗura wa inji duwatsu a wani wurin fasa dutse da ke bayan Kamazou. Yakan dawo gida fari fat, har gashin ido. Kowace Juma'a ana ba ma'aikaci madarar gwangwani biyu, wai ita ke wanke ƙura daga ƙirji. Kowa ya yarda da haka, har masu rabawar. Abokansa kan huda su shanye nan take. Shi kuwa aljihu yake zubawa ya kawo mana, ni da ƙannena uku. Mama ta yi faɗa har ta gaji. "Baban Rifkatu, maganinka ne fa," in ji ta. Sai ya ce ai ya sha tasa a can. Ni ce babba, na san ba gaskiya ba ne, kuma na fi kowa saurin miƙa kofi.

A zaman makoki wani abokin aikinsa ya ce, ba da mugun nufi ba, da Yohanna yana shan madararsa da wannan 'yar murar ba ta kayar da shi ba. Ina raba ruwa na ji. Ban yi kuka ba. Daga ranar dai na sa kaina cikin waɗanda suka kashe shi, na zauna da hakan shekara tara.

Bara waccan tari ya kai ni asibiti, na yi ƙarfin hali na tambayi likitar maganar madarar. Ta ce madara ciki take tafiya, ƙura kuma huhu, ba sa ma haɗuwa. Ƙurar dutse mai laushi tana maƙalewa can ƙasan huhu, ƙwayoyin garkuwar jiki da ke gadin wurin su yi ta haɗiye ta suna mutuwa, sai ƙwayar cutar mura ta zo ta tarar da masu gadi a galabaice. Ko kwali guda yake sha kullum, da ba abin da zai canza. Na yi godiya, na tare keke na koma gida Mahuta. Na ɗauka zan ji sauƙi. Ban ji komai ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga lokacin korona, har mai wa'azi sanye da takunkumi, shi da ko sau ɗaya ba a ba shi abin da ya fi tsohon hankici ba. Ina jin dariya kawai zai yi. Benayen da suka cika unguwar yanzu da tsakuwar su Baba aka zuba su, kuma na ji har yau akwai wuraren da ake raba madarar.

Bai bar fili ba, bai bar ɗaki ba. Mu huɗu ya bari, duk muna tsaye da ƙafafunmu. Sai a watan jiya na iya gaya wa Mama abin da likitar ta ce. Tana tsince wake a lokacin.

"To," ta ce, "ashe gara da kuka sha."