Jarkar da Ta Yi Wa Safiyanu Ƙarya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Mayu, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Safiyanu Dado na Gangara a bayan mota, tsakanin kwarin Tarka da Belbeji, kafin a isa da shi likita. Washegari aka yi masa sutura a garinsu. Ya bar matarsa Amatullahi da 'ya'ya huɗu, ya kuma bar aiki guda da bai ƙarasa ba. Ni ne Yusuf, taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Ina faɗa tun daga farko don kada wani ya ce na yi kwana-kwana: mutuwa ta Allah ce, amma wannan akwai hannun mutum a cikinta, kuma na san mai hannun.

Safiyanu, bari in gaya wa waɗanda ba su san ka ba abin da ya hana ka zama. Maganin fara da na kaska da na ƙwarin hatsi suna shigowa Damargu ta kowace kusurwa, wani daga kudu, wani ta hamada, wani daga ƙetare. Kowanne da irin rubutunsa. Wannan Faransanci, wancan Ingilishi, wani kuwa duk Tanut ba mai iya karanta shi. Wani kamfani yana zana jan layi don ya ce wannan kisa ne, wani kuma ado ne kawai ya sa shi jan layin. Ka taɓa nuna mini kwalbar maganin kaska da aka zana mata ƙatuwar saniya mai ƙiba, makiyayi ya gani ya ɗauka na ɗurawa ne. Abin da kake nema bai da yawa. Kana so a ware magunguna daki-daki bisa haɗarinsu, kowane daki da alamarsa guda, irin wadda sauran ƙasashe ke komawa gare ta, yadda ko wanda bai taɓa shiga lakwal ya yi boko ba zai iya ganewa. Kana kuma so duk jarkar da ta taɓa ɗaukar guba a huda gindinta kafin ta bar hannun mai sayarwa. Ma'aikatan noma sun yarda, na dabbobi da na lafiya sun yarda, 'yan duwan masu duba kaya a kan iyaka sun yarda, ƙungiyoyin manoma da na makiyaya sun sa hannu. Ƙungiyar masu sayar da magani kaɗai ta rage, kuma shugabanta shi ne Alhaji Bashir.

Ni kam na sha tsokanar ka a kan wannan aiki. Ni na raɗa maka Sarkin Jarka, sunan ya bi ka har kasuwa. In muka je biki, kafin ka gaida ango sai ka juya jarkar ruwa ka duba bayanta. Na ce da kai wata rana za a kore mu daga gidan mutane, ka ce ai taubashi ba ya jin kunya sai dai yunwa. Wa zan tsokana yanzu?

Ban manta da yadda ka haɗa jami'in noma da na dabbobi ba, lokacin da kowannensu ya kafe cewa alamar da ya saba da ita ce daidai, har ba sa ga-maciji. Ka gayyaci kowanne cin tuwo ba ka gaya masa ɗayan na zuwa ba, ka sa Amatullahi ta zuba musu a akushi ɗaya, kai kuma ka ce ka tafi neman ruwan wanke hannu. Ka daɗe ba ka dawo ba. Da ka leƙo, sun cinye tuwon suna gardama a kan rawaya da ja, amma dai suna magana. Wurin makiyaya kuwa ba ka taɓa zuwa da takarda ba. A kan yashi kake zana musu alamomin da yatsa, ka ce kowane raƙumi na ɗauke da shaidar gidansu a jikinsa, to guba ma ta ɗauki tata. Kuma Rukaiya, gwauruwar nan ta bayan masallacin Gangara, ta zo gaisuwa tana kuka tana faɗin abin da ko ni ban sani ba: shekarar da awakinta suka sha ruwa a tsohuwar jarkar magani suka mutu, kai ka kora mata akuyarka mai ciki, ka ce ta riƙe maka don ba ka da wurin ɗaure ta. Ba ka sake tambayar akuyar ba.

Alhaji Bashir kuwa, duk taron da aka kira sai ya sami dalili. Yau ya tafi ɗaurin aure, gobe motarsa ta lalace. Ranar da ya zo, a gabana ya shafa gemu ya ce:

"Haba Malam Safiyanu, bido ai bido ne, jarka jarka ce. In an wanke da toka da yashi, ina guba za ta zauna? Ka ce mu huda, talaka da me zai ɗebo ruwa?"

Ka amsa masa da haƙurin nan naka mai ba ni haushi, ka ce roba tana shan magani, wanki ba ya fitar da shi. Ya yi dariya ya ce Allah ya kai mu taro na gaba. A lokacin mun ɗauka rashin sani ne da taurin kai. Ashe abin ya wuce nan. Jarkar man gyaɗa ta fi ta magani shiga kasuwa, saboda haka a bayan rumfarsa ake kankare takardar guba, a manna ta mai, mai hoton gyaɗa.

Ranar da abin ya faru ka tafi kwarin Tarka wurin amininka Aghali, dattijon Buzu makiyayi wanda ya fi kowa tara maka mutane. Bazara ta yi tsanani, ka isa da ƙishirwa. Duk wanda ya san mutanen nan ya san baƙo mai daraja ba a shayar da shi a tsohon mazubi, kuma mai gida ba ya kai baki sai baƙo ya ƙoshi. Mariyama, matar Aghali, ta ɗauko sabuwar jarkar da mijinta ya sayo ranar kasuwa, wadda ta turara da hayaki ta kaɗa nono a ciki, ba wanda ya taɓa sha. Aghali ya ce ka yi halinka, ka juya jarkar ka duba. Ka ga gyaɗa. Ka yi dariya ka ce:

"Wannan kam lafiyayye ne, Aghali. Zuba mini."

Ka shanye ƙwarya guda, aka ƙara maka. Hayaki da tsamin nono sun rufe warin. Kafin su kai ga nasu rabon gumi ya keto maka, yawu na zuba, idonka ya ƙanƙance. Ko a wannan hali, abin da ka iya faɗa shi ne kada kowa ya sha, a hana yara. Da haka ka tsirar da gida guda. Kai da ka yi shekaru kana roƙon a rubuta gaskiya a jikin jarka, ka gaskata abin da aka manna, shi ya kashe ka. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai in ji ƙirjina na tafasa.

Aghali ya biyo gawarka har Gangara, ya zauna can gefe ya ja rawani ya rufe fuska, bai ci ba bai sha ba. Har an fara raɗe-raɗin wai Buzu ya sa wa baƙonsa guba. Aghali ne ya gaya mini rumfar da ya sayi jarkar, ta Alhaji Bashir ce. Na je na sami Alhaji Bashir, ya rantse ya maimaita cewa shi jarkar mai kawai yake sayarwa, in da wata ta gurɓace to a daji ta gurɓace. Ba ni da shaida, na haɗiye na dawo.

Sai ga shi ranar sadakar uku, cikin farar babbar riga, da 'yan ƙungiyarsa a bayansa. Ya zauna kusa da liman, ya fi kowa ɗaga murya wurin addu'a, har yana cewa Damargu ta yi rashin gwarzo. Na tashi na shiga gidana. Akwai jarkar man gyaɗa ta gaske da iyalina suka ƙarar da man da ke ciki da kansu, shuɗiya, mai hoton gyaɗa, kamar an tsaga kara da waccan. Na cika ta da ruwan rijiya, na kawo gabansa, na tsiyaya a moɗa na miƙa masa. Ya karɓa, ya kai kusa da baki, sai idonsa ya faɗa kan jarkar. Hannunsa ya tsaya.

"Ina kuka samo bidon nan?"

Na ce, "Irin na rumfarka ne, Alhaji. Na mai ne. An wanke da toka da yashi. Sha."

Ya ce azumi yake. Liman ya dube shi, don yanzun nan ya ga ya tauna goro. Na sake cewa ya sha. Ya ajiye moɗar a ƙasa da sauri har ruwa ya zube masa a riga. Na ɗauka na shanye sauran a gaban kowa. Can sai ɗaya daga cikin masu sayar da magani ya miƙe ya canza tabarma, wani ya bi shi, har Alhaji ya rage shi kaɗai. Mutumin da bai san abin da ke cikin jarkokinsa ba ba ya tsoron ruwa. Aghali ya sauke rawani daga fuskarsa a karo na farko.

Na san da kana nan da ka ja ni gefe ka ce Yusuf, ba a haka a wurin makoki. Kai mai haƙuri ne, ni ba ni da shi, kuma haƙurinka ne ya ba mutumin nan shekaru yana wasa da rayukan jama'a. Ba zan taɓa shi da hannu ba, ba zan bar 'ya'yanka su taɓa shi ba. Amma na kai magana gaban jandarma, kuma waɗanda suka zauna a makokin nan sun ce za su faɗi abin da suka gani. Taron da ka kira a Belbeji, wanda ranarsa ta faɗo bayan arba'in ɗinka, yana nan, ban bari an ɗage shi ba. Masu sayar da magani sun aiko cewa za su zo da sabon shugaba, za su sa hannu. In sun saɓa, zan bi su rumfa-rumfa ina kiran sunanka har su gaji da ganina. Ina so Alhaji Bashir ya yi tsawon rai, ya ga alamarka a kan kowace kwalba daga Tanut har Belbeji, ya ga ana huda jarkoki a gaban rumfar da ta kasance tasa, yara su riƙa nuna shi. An ce in yafe don zuciyata ta huta. Ban yafe ba, kuma ba na neman hutun.

Allah ya jiƙan ka, Safiyanu, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Ya sa duk ran da aikinka ya tsirar ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga Amatullahi, da Asiya da Ahmad da ƙannensu, da dukan zuriyar Dado, da mutanen Gangara. Allah ya ba ku dangana, ya raya abin da ya bari. Kai kuma Aghali, da Mariyama, ku ɗaga kai, ba ku da laifi. Ku ci gaba da shayar da baƙi, ni ne na farko da zai zo.

Jiya Amatullahi ta kira ni bakin ƙofa. Na ɗauka za ta ce in sassauta. Ta ce ta yafe wa mijinta duniya da lahira, ta yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mata. Sannan ta ce:

"Shi kuwa wancan, Yusuf, Allah ya isa."

Na ce amin.