Ɗorawata Tana Ƙetaren Rafi

Wata Laraba ce cikin bazara, shekarar da manyan ƙasarmu ta Birnin Gwari suka ƙulla amana da maharan yamma, ni da Inna muka ɗauki gora mai ƙugiya da kwanduna muka nufi ɗorawata. Lokacin ban wuce shekara goma ba. Rafin da ke bayan ƙauyenmu ya ƙafe, sai yashi mai zafi, ina tsallake shi ina waƙar gaɗa. Muna hawowa ƙetare muka tarar da wani baƙo da kwari da baka a gindin bishiyar, matansa kuwa suna ta kaɗo ɗorawa kamar ta gadonsu. Ya ce, "Ku koma, baiwar Allah. Daga rafi zuwa nan namu ne, an rantse a kai." Inna ta ce, "Wa ya rantse? Uwata ce ta reni bishiyar nan!" Ya ce ta je ta tambayi mazanmu.

Ɗorawar nan ba ta daji ba ce. Kakata ce ta tsince ta tana ɗan tsiro a bakin dajin Kamuku, ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ranar sunana kuma ta ce ta ba ni. A wurinmu gona daban, bishiya daban. Namiji zai iya noma ƙasa shekara da shekaru, amma ɗorawar da ke tsakiyarta ta mai ita ce, ko yaron goye ya san haka. A inuwarta na koyi carafke. Mukan lashi garinta har bakinmu ya zama rawaya, Inna ta kore mu da tsintsiya, ta dafa kalwa, mu surfa, mu wanke a rafi, a lulluɓe da ganye har warin ya cika gida. Ɓawon ma ba a zubarwa, da shi ake makubar daɓen ɗakinmu. Fatake kan tambayi daddawar Inna da sunanta, kuma ta sha gaya mini cewa da ita za a yi mini kayan ɗaki.

Ba zan yi ƙarya ba, kafin amanar mun sha wuya. Ana jin kofato sai mu watsar da tulu mu faɗa daji, an kuma kwashe ƙawayena biyu da har yau ba labarinsu. Sulhun ya tsayar da wannan, na gode Allah. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka yi shi. Maza suka zauna a kan yashin rafi, aka yanka sa, aka dafa Alƙur'ani, aka ce rafi ne iyaka. Sun tuna da mashayar dawaki. Sun tuna da hanyar fatake, har makiyaya an bar musu burtali. Amma a duk taron nan na masu gemu, waɗanda kullum daddawa ce ke gyara musu miya, ba a samu mutum ɗaya da ya buɗe baki ya ce, to, bishiyoyin mata fa?

Baba yana cikin waɗanda suka halarta. Da Inna ta tare shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki." Ta ce, "Haka ne, Malam, amma da bishiyar 'yarka ka saye shi, ba da taka gonar ba." Daren nan ta tuƙa masa tuwo da miyar kuka lami, ba ɗigon daddawa, haka ya cinye. Daga baya matan ƙauye suka kai kuka wurin dattawa, aka ce rantsuwa ba ta warwaruwa, su yi haƙuri. Haƙuri! Wannan kalma ba a taɓa aika ta wurin mai doki ba, kullum ƙofar mai kwando take sani.

Yanzu waɗanda suka rantse duk sun kwanta dama, maharan ma sun zama maƙwabta, har auratayya ake yi. Iyakar ce kawai ta ƙi mutuwa. Jikokina sun ɗauka tun fil azal haka take, in na nuna musu bishiyar daga wannan gaɓa sai su yi dariya su ce Kaka ta fara ruɗewa. Kwanan baya a kasuwa wata yarinya daga ƙetare, sa'ar shekaruna na wancan lokaci, ta miƙo mini daddawa tana washe baki, ta ce, "Iya, ki saya, ba irinta. Daga babbar ɗorawar bakin rafi take, kakata ce ta ba ni ita." Na daɗe ina kallonta, na rasa wanda zan yi fushi da shi a fuskar nan. Na saya, na kawo gida, har yau na kasa sa ta a miya.