Na Je Katsina Neman Tsoro

Talata: Kano zuwa Katsina

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina idar da salla, maigidana ya ɗauke ni a babur zuwa tashar Ƙofar Ruwa. A jakata akwai kaya kala biyu, da turaren wuta na tsarabar Gwaggo, da wani labari mai shafi ɗari da ashirin da na rubuta da hannuna, wanda shi ne sanadin tafiyar.

Bari in faɗa muku gaskiya tun yanzu. Ni malamar firamare ce, kuma shekara shida ina fama da rubuta labaran ban tsoro. Wata biyu kafin tafiyar nan na karanta babi guda a taron marubutan unguwarmu. Ina isowa wurin da aljani ya ɓullo daga rijiya idanunsa na feshin wuta, sai wata ta tuntsire da dariya, sauran suka taya ta. Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Na koma gida na yi kuka na ƙoshi, sannan na yanke wa kaina hukunci: zan kai wa Malam Iro Tela labarin nan. In ya ce akwai abu a ciki, in ci gaba. In ya ce babu, in ajiye biro har abada.

Malam Iro shi ne mai 'yan ƙananan littattafan da nake sata daga akwatin yayana ina yarinya, waɗanda suka sa ko da rana ba na iya shiga ɗaki ni kaɗai. Ban taɓa ganinsa ba. Gwaggo Talatu, ƙanwar babana da ke aure a Katsina, ita ta nemo mini shi, don a wurinsa mijinta yake ɗinki tun yana saurayi.

Mota ta cika bakwai saura kwata, naira dubu biyar kowane mutum. Mun wuce Bichi bakwai da rabi. A shingen da ke gaban Tsanyawa jami'i ya leƙo ya tambayi abin da na rungume, na ce rubutu ne, ya ɗaga mana hannu.

"Hajiya, rubutun sha?" in ji direba.

"A'a, labarin aljanu ne."

"To don girman Allah a bar shi a rufe har mu sauka."

Shi ne mutum na farko da ya taɓa jin tsoron labarina, kuma bai karanta ko layi guda ba. Mun sha mai a Kankiya, muka wuce Charanci, goma saura minti goma muka shiga ta Ƙofar Ƙaura, bayan tafiyar kilomita ɗari da saba'in da 'yan kai. Adaidaita sahu ya kai ni Kambarawa. Gwaggo ta tare ni da gaisuwar Katsinawa, wadda sai da furata ta kumbura a kwano kafin ta ƙare, sannan ta dire mini dambu da man ƙuli.

Talata bayan azahar: Gobarau

Gidan Malam yana cikin wani lungu bayan hasumiyar Gobarau. Na same shi a zaure kan tsohon keken ɗinki, ɗan siririn dattijo, tabaransa ɗaure da zare. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa labarin da hannu biyu. Ko buɗewa bai yi ba.

"Malama, ba ni ke yanke hukunci ba gidan nan. Taho mu shiga."

A tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya, wadda su suke kira bedi, matarsa Hajiya Mairo na zaune tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya, don man gyaɗa ne sana'arta. Malam ya bayyana mini yadda yake aiki. Shekara arba'in da ɗaya, duk shafin da ya rubuta nan yake kawo shi, da rana tsaka, ya karanta mata tana ɓara. Ba ya kallon fuskarta, ƙarar ɓawon kawai yake saurare. In ƙarar ta ɗauke, shafin ya tsira. In ba ta ɗauke ba, shafin ya zama na ƙunshe allura.

"Mi ya sa da rana?" Shi ya yi tambayar, shi ya amsa. "Da dare ko akuya ta yi tari sai mutum ya yi salati. Wannan ba gwanintarki ba ce, ta duhu ce. Zamna ki karanta."

Na zauna na fara. Ƙas, ƙas, ƙas. Aljanina ya fito daga rijiya, ƙas. Ya cire kansa ya riƙe a hannu, ƙas, ƙas. Na zubar da jinin da zai cika randa, Hajiya ta kori kaza da ƙafa, hannunta bai fasa ba. A shafi na talatin na haƙura na rufe.

"Sannu da ƙoƙari, ɗiyata," in ji Hajiya. "Muryarki da daɗi."

Ban taɓa jin yabon da ya yi mini ciwo kamar wannan ba.

Malam ya karɓi takardun, ya zaro allin tela daga aljihu, ya shiga ja wa shafuka layi kamar mai shirin yanka yadi.

"Kin taɓa ganin aljani?"

"A'a, Baba."

"Ni ma haka, ita ma haka. To mi zai sa ta ji tsoron abin da ba ta sani ba? In kika ɗinka ma mutum riga mai hannu uku, dariya zai yi. Amma in hannu guda ya fi guda tsawo da ɗan yatsa, wuni zai yi yana jan ta, bai san mi ke damun shi ba. Abin da mutum ya sani shi yake tsoro, ran da ya ga ya ɗan karkace."

Sai ya ɗauko wani shafi nasa da ya rubuta shekaranjiya. Labarin wata mata ce mai kwanukan tuwo shida, kullum ta zuba shida, kullum in ta zo wanke-wanke sai ta tarar da bakwai, na bakwan kuma an sude shi tas. Babu wuta, babu jini, babu ko ihu. A layi na biyar ƙarar gyaɗa ta ɗauke. Ni kuwa tsikar jikina ta tashi, ga rana tana dukan ƙafata. A nan na san ban yi asarar tafiya ba, ko da za a kore ni daga sana'ar, na dai ga gwani da idona.

"Jibi ki dawo da shafi uku," in ji shi. "Uku kawai. In hannunta ya tsaya, ke marubuciya ce. In bai tsaya ba, koyarwa ma aikin lada ce."

Laraba: Ƙofar Kwaya

Tun bayan karin kumallo nake zaune da farar takarda, har ƙarfe goma ban sa mata ko ɗigo ba. Gwaggo ta ce zaman banza ya isa, in tashi in raka ta gaisuwar rasuwa. Mahaifiyar Hajiya Rabi, wata ƙawarta ta Islamiyya, ce ta rasu, an ma yi sadakar uku, ita ba ta samu zuwa ba. Ba ta san gidan ba, kwatance aka yi mata: mai jan ƙyaure, bayan injin niƙa. Ashe jan ƙyaure biyu ne a lungun, kuma tabarmin zaman makoki an riga an naɗe su.

Muka yi sallama a na farko. Wata matashiyar mata tana tankaɗe ta amsa da fara'a, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, don ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi kafin ya sha ruwa. Gwaggo ta jero gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya maigida. Sannan ta sassauta murya, ta sunkuyar da kai.

"Ya aka ji da haƙuri? Allah Ya jiƙan rai, Ya sa an huta."

Rariya ta suɓuce daga hannun matar. Ta dubi ɗakin da jaririnta ke barci. Ta dubi wayarta da ke kan turmi. Ta dubi ƙofa. Ina kallon leɓɓanta suna motsi, tana lissafa nata ɗaya bayan ɗaya.

"Wa... wa ya rasu? Inna, faɗa mani, wane ne?"

"Innalillahi! Ba nan ne gidan su Hajiya Rabi ba?"

Gida na gaba ne. Gwaggo ta kama hannunta tana ba da haƙuri, tana rantsuwa cewa ɓatan kai ne, amma matar ba ta ji. Mijinta ya fita tun asuba zuwa kasuwar ƙauye, sai da ta kira shi sau uku ya ɗauka, sannan ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka tana dariya. Ni kuma zan faɗi laifina: Gwaggo tana roƙon gafara, ni ina haddace fuskar matar.

Mun yi gaisuwarmu a gidan da ya dace, muka koma Kambarawa sha biyu da rabi, Gwaggo na ta tsine wa mai kwatance. Daga azahar zuwa la'asar na cika shafi uku.

Alhamis: Gobarau, sannan gida

Ƙarfe goma na hantsi ina ƙarƙashin bedi, jakar tafiyata a gefe. Hajiya Mairo ta jawo ƙwaryarta. Na yi bisimilla a zuci na fara.

Labarin wata tsohuwa ce da ta yi sallama a wani gida da hantsi. Matar gidan ba ta san ta ba, amma ta ba ta tabarma da ruwa. Ƙas, ƙas. Tsohuwa ta tambayi maigida da sunansa, ta tambayi yara huɗu kowa da sunansa, har da lakabin da uwarsu kaɗai ke kiran autan da shi. Ƙas. Sannan ta sunkuya ta ce ya aka ji da haƙuri. Matar gida ta ce ai mu ba a yi mana rasuwa ba. Tsohuwa ta ɗaga kai ta dubi inda rana take, ta ce, "Au, ashe sammako na yi. Bari in jira." Ta gyara zama, ta fito da carbinta.

Na saurara. Babu ƙas. Na ci gaba da karatu har na kai ƙarshen shafi na uku, inda matar ke tsaye tsakanin ƙofar ɗaki da ƙofar gida ta rasa wadda za ta tsare. Da na ɗaga ido, gyaɗa guda na tsakanin yatsun Hajiya, ba a fasa ta ba.

Ta ajiye ƙwaryar, ta miƙe ta shiga ɗaki. Muna jiyo ta tana kiran ɗansu, wanda direban babbar mota ne.

"Sanusi, kana ina? To. A'a, ba komai. Muryarka nike son ji. Ka tahi sannu."

Ta fito tana share ido da gefen mayafi, ta nuna ni da yatsa.

"Ke ɗiyar nan, ashe ba ki da kirki."

Farin ciki ya kama ni, kunya kuma ta biyo bayansa, don tsohuwa na sa kuka a gidanta. Malam ya karɓi shafukan ya duba da allinsa, layi ɗaya tak ya soke, inda na ce idanun tsohuwar sun yi ja.

"Bar mata idanunta irin na kowa," ya ce. "Sannan ki riƙe wannan, don amana ce. Ki tsorata mutum ya koma ya rungumi nashi. Kar ki tsorata shi ya fita yana ce ma maƙwabciyar shi mayya. Wanda ke yin na biyun ba marubuci ba ne, mai haɗa fitina ne."

Hajiya ta cusa mini ƙullin ƙuli-ƙuli a jaka ba tare da ta dube ni ba. Bayan azahar Gwaggo ta raka ni tasha, mota ta tashi biyu da kwata. Shinge uku muka wuce ba a tsayar da mu ba, sai a Bichi da muka sauka sallar la'asar. Biyar da rabi ina ƙofar gidanmu, yara suna rige-rigen jakata, sai waya ta yi ƙara. Malam Iro ne.

"Malama, kin sauka lafiya? To madalla. Hajiya ce ta hana ni sakat. Wai in tambaye ki, tsohuwar nan wa take jira? Maigidan ko ɗaya cikin yaran?"

"Wallahi Baba, ni ma ban sani ba."

"To ki zamna ki gano. Shekara arba'in da ɗaya ina yi mata karatu, ba ta taɓa tambayata ƙarshen labari ba. Ke kwana uku kika yi."

Ban cire hijabi ba na nemi biro.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa maigidana da ya riƙe yara, da Gwaggo Talatu da dambunta da ɓatan kanta, da Malam Iro da Hajiya Mairo, Allah Ya ƙara musu lafiya. Ita kuma baiwar Allah mai jan ƙyaure a Ƙofar Kwaya, wadda ko sunanta ban tambaya ba, ina roƙonta ta yafe mana. Allah Ya bar mata mijinta da ɗanta.