Faifan Kofur Ɗanjuma

Ko na yi ritaya ba zan manta da Larabar da Hajiya Binta ta shigo ofishinmu ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen adana tarihin soja a nan Abuja. Aikina in bi tsofaffin sojoji gida-gida in naɗi muryarsu. Ƙa'idarmu, ba a kunna wa kowa faifai sai da izinin mai maganar, ko bayan ransa.

Kafin nan na je Kwali na naɗi wani tsoho, Kofur Ɗanjuma, wanda ya yi yaƙin basasa. Ana cikin hira ya ce shi ya harbe amininsa, Saje Isa. Yana gadi ana sheƙa ruwa, ya ga mutum ya ɓullo daga daji, ya yi tambaya bai ji amsa ba, ya saki wuta, ashe Saje Isa ne. A takarda kuwa an rubuta abokan gaba ne suka kashe shi.

Ni da rawar kaina na sa sunan Saje Isa a jerin sunayen da aka ambata a faifanmu, wanda baƙi ke dubawa. Nan Hajiya ta gani. 'Yarsa ce, mahaifiyarta na ɗauke da cikinta ya rasu.

Ta ce, "Ɗana, ko hotonsa ba ni da shi. Kunna min in ji wanda ya san shi."

Na ruga wurin ogana, wani Manjo mai ritaya, na gaya masa komai.

Ya ce, "Wa ya aike ka? Yanke wurin, ka ba ta sauran."

Na ce, "Oga, in na yanke yau, gobe wa zai yarda da faifanmu?"

"To, in ta kai ƙara sama, kai ka sani."

Na buga wa tsohon waya, na gaya masa 'yar Saje Isa ta zo tana son jin faifan. Ya ce, "Kada ka kunna. Ku jira ni."

Sai bayan la'asar ya iso, yana dogara sanda. Ya zauna gabanta, ya cire hula, ya ce ba inji ne zai gaya mata ba. Ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ni dai ina raɓe jikin ƙofa, ina jiran ihu.

Sai ta ce, "Baba, ina kama da shi?"

Ya ce, "'Yata, da na shigo na ga goshinki, sai na ga kamar Isa ne a gabana."

Nan suka fashe da kuka su biyu, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku ji ni da kyau. Tun ranar ban ƙara sa sunan mamaci a jeri ba sai na tambaya wa ya bari a raye.