Maɓuɓɓugar da ke Tafin Ƙafa

Shekarar da ƙafata ta hagu ta ƙi ni, a kan kujera nake salla. Yawon sarin jakunkuna a garin Shiling, can ƙasar waje, shi ya cinye ta, hau bene sauka bene, kowane shago a ce miki "meyo", wato babu. Yatsun suka daina lanƙwasuwa. Ciwon bai dame ni kamar rabuwar goshina da ƙasa ba, don har tsoro nake kada in mutu ban sake yin sujada ba.

Wata 'yar Maraɗi da muke masauki ɗaya a unguwar Panyu, mai jin yaren mutanen ƙasar, ta ja ni wurin masu tausar ƙafa. Na zaci yarinya zan tarar. Sai ga tsohuwa, kai fari fat, ta girmi mahaifiyata, ta durƙusa ta ajiye robar ruwan ɗumi a gabana. Wuf na janye ƙafata. Mu a gidanmu yaro ke matsa wa babba. Ni da na tashi ina yi wa kakata tausa, ni zan miƙa wa wannan baiwar Allah tafin ƙafa?

"Haba Hajiya, kunyar ce za ta warkar da ke?" in ji 'yar Maraɗi. Tsohuwar ma ba ta jira ni ba, ta cafko ƙafar.

Ta danna wani ɗan gurbi ƙasa da yatsu, na ji shi har ƙeya. Tana magana ana fassara mini: sunan wurin maɓuɓɓugar ruwa, littattafan maganinsu sun ambace shi tun kafin zuwan Musulunci. Zanen ƙafar da ke bango kuwa na jiya-jiya ne, Turawa suka tsara shi ya dawo musu. Ita a hannun goggonta ta koya.

Jikina ya yi sanyi. Daidai nan kakata ke cewa in danna mata a kan tabarma, "Nan, 'yar nan, nan," matar da ko Zariya ba ta taɓa wucewa ba. Wa ya sanar da su, su biyun? Na yi ta tasbihi a zuci, hawaye na zuba, tsohuwar ta zaci zafi ne ta sassauta hannu.

Na yi ta komawa, yau sauƙi gobe babu. Wata la'asar na ture kujerar gefe, na yi kabbara, na sauka a hankali. Yatsun suka lanƙwasu. Goshina ya taɓa ƙasa, na daɗe ban ɗago ba.