Jakata Ta Yi Ƙara a Kantin Hajiya

Ƴan uwa, ku ji abin da ya same ni a kasuwa yanzun nan!

Kun san tun da aka yi mini aikin hanji a Damagaram aka liƙa mini jaka a ciki, ban ƙara cin gato ba, wato kek. Yau kwaɗayi ya taso. Na shiga kantin wata Hajiya mai saida gari, na ce ta auno mini garin aya, don na ga ana yabonsa a waya.

Tana cikin awo, sai jakata ta yi "ƙurrr"! Da ƙarfi fa! Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ta tsaya cak. Sai ga wani "ƙurrr" ɗin daga ƙarƙashin hijabinta! Ashe ita ma jaka gare ta!

Muka kalli juna, muka fashe da dariya har da hawaye.

Ta juye garin cikin buhu, ta ce, "Ɗiyata, wannan ba namu ba ne. Tsakinsa ya taɓa toshe mini hanji, sai da na kwanta asibiti. Ɗauki garin shinkafa, ki tankaɗe sosai, ki haɗa da farar fulawa. Ki fara cin kaɗan, ki kuma tambayi likitanki."

Na ce, "Hajiya, wallahi na zata ni kaɗai ce a duk Gure."

Ta ce, "Ni ma haka! Maza je ki gasa, ki kawo mini nawa da ɗuminsa."

Ga shi can a wuta, ƙamshi ya cika gida!