'Ya'yan Boris a Bakin Rawani

Ranar kasuwar Dogon Dawa, ga wani dattijo yana turo keke zuwa rumfar Abarshi mai gyara. Bafulatani ne siriri, idanunsa jawur. Sandar kiwo na ɗaure a jikin keken da tsumma, amma ko warin shanu babu a rigarsa. Abarshi bai tambaya ba, ya san abin da ɓarayin dajin nan suke yi wa garken mutum.

Kan keken sai rawa yake yi. Da Abarshi ya kwance wuyan, 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki, suka zube ƙasa, duk sun farfashe kamar soyayyar gyaɗa.

"Kayan yanzu ke nan, Baffa," in ji shi. "A ido ƙarfe, a aiki gwangwani. Sababbin da zan zuba ma 'yan'uwansu ne."

Dattijon ya tsuguna yana tsince fasassun ɗaya bayan ɗaya, leɓunansa na motsi kamar mai kiran shanu da sunayensu. Ya ƙulle su a bakin rawaninsa.

"Zai kai ni Gayam?"

"Zai kai ka. Dawowar ce ban yi alkawari ba."

Dattijon ya shafa sandarsa. "To ɗaure, ɗana. Wurin wa zan dawo?"